Babi Na Shida: Jarraba Gilashin Kyamara Kafin A Biya Da Bayan An Biya

Duk wanda Allah ya nufe shi da raka dattijo masanin dawaki zuwa cinikin doki, ya kuma natsu ya lura da abin da dattijon yake yi, zai ga ba ya kula da kyan sirdi ko adon linzami, ba ya kuma sauraron kirarin da dillali ke zubawa, sai dai ya buɗe bakin dokin ya dubi haƙoransa, ya ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa ƙafafunsa yana neman kumburi, ya sa a ja shi gaba da baya yana kallon takunsa, sa'an nan daga bisani ya ce a ɗaura sirdi a sukwane shi a gabansa, domin ya sani akwai aibin da ba ya bayyana sai doki ya yi gumi. Abin da ke damuna shi ne, jikan wannan dattijo, wanda ya kama sana'ar hoto, yakan shiga kanti da kuɗin da ya kai na doki, a miƙo masa gilashin kyamara, wanda 'yan sana'ar ke kira lenz, ya jujjuya shi a hannu, ya ga fentinsa bai goge ba, ya ga sunan kamfani a goshinsa, ya ƙirga kuɗi ya bayar, alhali kuwa bai tambayi gilashin komai ba game da aikin da aka yi shi dominsa.

Gilashi kuwa shi ne idon kyamara, kuma shi ne dukiyar da ke daɗewa a hannun mai hoto, domin gangar jikin kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru a sauya ta, amma gilashi nagari yakan yi wa mutum aiki har ya bar wa magada. Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, wannan bututu da yake riƙe da shi ba gilashi guda ne a cikinsa ba. Tessar, wanda Paul Rudolph ya tsara wa kamfanin Zeiss a garin Jena na ƙasar Jamus a shekarar 1902, gilasai huɗu ne a cikinsa, gilashin zamaninmu mai zuƙowa kuwa yakan ƙunshi goma sha biyar ko ashirin, wasu a tsaye cak, wasu suna kai da kawowa duk lokacin da aka murɗa zobe, kuma wajibi ne tsakiyar kowannensu ta dace da ta ɗan'uwansa kamar yadda sahu ke miƙewa a bayan liman, ta yadda in guda ɗaya ya karkace da abin da bai kai kaurin gashin kai ba, sai alamar hakan ta fito a hoto. Wannan ne sababin da ya sa gilasai biyu masu suna ɗaya, waɗanda suka fito daga masana'anta ɗaya, ba lalle ne su zama daidai ba. Wani likita Ba'amurke mai suna Roger Cicala, wanda ya kafa kamfanin ba da hayar gilasai na Lensrentals a 2006, ya shafe shekaru yana auna kwafi da yawa na gilashi iri guda a kan na'ura, ya kuma nuna wa duniya cewa saɓani tsakanin kwafi da kwafi abu ne tabbatacce, musamman a masu zuƙowa. To, in haka al'amarin yake ga sabo fil a kwalinsa, ina ga na hannu, wanda shi ne galibin abin da ke iso mana, bayan ya ratso hannaye da jiragen ruwa da kasuwannin Legas, ba wanda ya san sau nawa ya faɗi ƙasa?

Kafin a taɓa gilashin da hannu, akwai wata mas'ala ta shari'a wadda na fi so a fara da ita, domin a kanta sauran jarrabawar duka ta dogara. A mazhabarmu ta Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da zarar an yi tayi an sallama, ba a kuma ba mai saye damar warwarewa don kawai bai riga ya tashi daga majalisin ba. Amma malamai sun buɗe ƙofar da suke kira hiyari, wato a sharɗanta zaɓi zuwa wani ajali sananne wanda za a jarraba hajar a cikinsa ko a yi shawara. Ibn Abi Zaid ya kawo wannan a Risala, Shaihu Halilu kuma a Muhtasar ya bambanta ajalin gwargwadon haja, kamar wata guda ga gida, kwana uku ga dabba ko tufa. Saboda haka mai hoto ya buɗe baki ya faɗa tun kafin a sallama, a gaban shaida ko a rubuce a jikin rasit tare da lambar da ke jikin gilashin, cewa yana da kwana uku na gwaji, in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya mayar. Mai kantin da ya amince da kayansa ba ya jin nauyin wannan sharaɗi. Ban da wannan kuma akwai haƙƙin mayar da haja saboda tsohon aibin da aka ɓoye, wanda ba ya bukatar sharaɗi. Kowa ya san labarin da ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma yi wa mai shi inkari a kan bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Rubutun da wasu ke bugawa a ƙasan rasit, cewa abin da aka saya ba a mayarwa, ba ya halatta wa mai sayarwa ya rufe bakinsa a kan cutar da ya sani.

In an gama da wannan, sai a karɓi gilashin a fara da zahirinsa, kuma nan ba sai na tsawaita ba. Gogewar fenti ba komai ba ce, alamar aiki ce kurum, amma lotsewa a bakin da ake ɗaura filta tana nuna an taɓa buga shi da ƙasa, haka nan kusoshin da kansu ya cinye suna nuna wani ya taɓa kwance shi, wanda kuma ba kowane mai gyara ne ke iya mayar da gilasai mazauninsu na asali ba. A murɗa zoben saiti daga farko har ƙarshe, a murɗa na zuƙowa, ana sauraro da yatsu ko akwai inda yake cijewa, ko inda yake sakwarkwacewa, ko kuwa ana jin gurzar yashi, wanda a ƙasarmu ta ƙura ba baƙon abu ba ne. A dubi gindinsa inda yake haɗuwa da kyamara, a ga ko 'yan ɗigogin zinariyar da wuta ke bi sun ci tsatsa, a ɗaura shi a ji ko yana girgiza.

Sa'an nan a cire murafai biyu, a shiga inuwa, a haska tocila daga baya ana leƙe daga gaba a karkace, a kuma juya a yi akasin haka. A nan ne masu saye da yawa suke ruɗewa, suna tsorata da abin da ba ya cutarwa, suna kuma wuce abin da ke kashe hoto, don haka ina roƙon mai karatu ya tuna hukuncin ragon layya, inda 'yar tsaga kaɗan a kunne ba ta hana shi isarwa, amma bayyanannen harari-garke ko gurguntaka ko rama suna hanawa. Ƙura ita ce 'yar tsagar kunne. Babu gilashin da tocila ba za ta nuna ƙura a cikinsa ba, har wanda aka buɗe kwalinsa yau, domin mai zuƙowa yana shaƙar iska yana fitarwa kamar zuga-zugin maƙeri, kuma ɗigon ƙura da ke cikin bututu ya yi kusa ƙwarai da ba zai iya fitowa a hoto ba; baƙin ɗigon da ake gani a sararin samaniya cikin hotuna galibi daga farantin kyamara yake, wato fuskar da haske ke sauka a kanta a cikin kyamarar, ba daga gilashi ba. Haka 'yar ƙarzuwa a gilashin gaba, tana rage daraja a kasuwa fiye da yadda take rage hoto, sai dai ta gilashin baya ta fi ta illa, saboda kusancinta da farantin. A wasu tsofaffin gilasan Jamus ma akan ga 'yan kumfa ƙanana a cikin jikin gilashin, waɗanda suka samo asali tun daga narka shi, ba su kuma hana komai.

Abin tsoro na farko shi ne yana, wato wani farin hazo da ke lulluɓe fuskar ɗaya daga gilasan ciki, wanda sau da yawa tururin man da aka shafa wa zobba ne ke haifar da shi in zafi ya dafa shi, kamar in an saba barin jakar kyamara cikin mota a ranar bazara. Misalinsa misalin yanar ido ne ga tsoho: yana gani, amma baƙi ba ya yin baƙi sosai, komai ya zama fari-fari, in kuma ya fuskanci haske sai duniya ta dushe masa. Na biyu fumfuna, wadda ake ganinta kamar saƙar gizo-gizo tana rarrafowa daga gefe. Tana son duhu da danshi, shi ya sa gilashin da ya kwana biyu a garuruwan bakin teku, ko wanda aka kulle cikin jakar fata damina guda, ya fi kamuwa da ita. In ta yi sabuwa ana iya gogewa, amma in ta daɗe takan cinye siririn shafen da ke fuskar gilashin, ta bar tabo har abada. Kada kuwa a raina wannan shafe don ba a ganinsa sai a matsayin launin shuɗi ko kore da ke walƙiya: fuskar gilashi marar shafe tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, wanda in aka tara a fuskoki ashirin ko talatin ya zama asara mai yawa da hazo, kuma tun da Alexander Smakula ya samar wa Zeiss hanyar yin shafen a 1935 ne aka sami damar jera gilasai da yawa a bututu guda. Na uku rabuwar gilasai biyu da aka manne, wadda ke fitowa a gefe da launukan bakan gizo ko kamar ɗigon mai a kan ruwa, gyaranta kuwa yakan fi kuɗin gilashin. Amma jan rawayar da ake gani a wasu tsofaffin Takumar na kamfanin Asahi, irin na shekarun 1960, wannan daga sinadarin toriyam ne da aka zuba a cikin gilashin, hasken rana yana kuma rage shi in an daɗe ana shanya shi.

Saura ƙofar haske, wato waɗannan ganyayyakin ƙarfe da ke tsukewa su buɗe kamar ƙwayar idon mutum. Wajibi ne su kasance busassu. In an ga sheƙin mai a kansu, to, za su riƙa nawa wajen rufewa, kyamara ta ɗauki hoto ƙofa ba ta gama tsukewa ba, hoton ya fito da haske fiye da kima. Gwajin wannan mai sauƙi ne a cikin kantin: a fuskanci bango guda, a bar kyamara ta zaɓi saurinta da kanta, a ɗauka da ƙofa a lamba f/2.8, da f/4, da f/5.6, har zuwa f/16. Tun da kowace lamba rabin hasken ta gabanta take bari ya wuce, kyamara kuma tana ramawa da lokaci, ya kamata hotunan duka su fito da haske kusan ɗaya, in kuwa suna ƙara fari yayin da lamba ke hawa, ganyayyakin sun yi nauyi.

Duk wannan da na ambata ido yana iya kama shi. Aibin da ya fi kowanne ɓoyuwa kuwa, wanda kuma dominsa na rubuta wannan babi, shi ne karkacewar gilasan ciki daga sahunsu, domin mai wannan cuta yakan fito tsaf kamar amarya, ba ƙura, ba yana, ba ƙarzuwa. Na san ɗacinsa da kaina. Wata shekara na sayi gilashi mai zuƙowa na hannu ana saura 'yan kwanaki Sallah, na gwada shi a kan fuskar yaron kantin, wadda na sa a tsakiya, ta fito tar har ana ƙirga gashin girarsa, na biya na tafi. Ran Hawan Daushe a Kano na sami wuri mai kyau, mahaya suka jero sahu guda suna tahowa, na ɗauka har na gode Allah. Da na buɗe hotunan a kwamfuta da dare sai na tarar na tsakiya da na dama sun fito sarai, amma duk mahayin da ya faɗo a sulusin hagu, shi da rawaninsa da kayan dokinsa, ya zama dishi-dishi kamar an shafa masa yatsa mai maiƙo, kuma haka yake a kowane hoto, a gefe guda ba ya sauyawa. Hawan kuwa ba a maimaita wa mai hoto shi sai wata Sallar. Da na ɗauki hoto huɗu kacal a ƙofar kantin ta hanyar da zan bayyana, da na gane.

Hanyar ita ce a nemi wani abu mai nisa ƙwarai kuma mai ƙananan siffofi, kamar kan hasumiyar masallaci, ko dogon ƙarfen sadarwar waya, a buɗe ƙofar haske iyakarta, a saita a kansa yana tsakiya, sa'an nan a kashe saitin da kyamara ke yi da kanta domin kada ya motsa. Daga nan sai a karkata kyamara har abin ya koma kusurwar sama ta hagu a ɗauka, a kai shi ta dama a ɗauka, haka kusurwoyin ƙasa biyu, ana ƙoƙarin nisansa daga gefe ya zama ɗaya a duka huɗun. Ba a neman kusurwa ta kai tsakiya kaifi, domin kusan babu gilashin da ke iya haka in ƙofa a buɗe take. Abin da ake nema shi ne kusurwoyin huɗu su yi kama da juna, in suna da rauni ya zama rauni ɗaya. In uku sun yi kyau ɗaya ta narke, ko hagu ta saɓa wa dama saɓani bayyananne, to, akwai tuhuma. Mai zuƙowa kuma a yi masa wannan a farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, gama yakan yi lafiya a milimita 24 ya kuma karkace a 70.

Na ce tuhuma, ban ce hukunci ba, domin alƙali ba ya karɓar shaida sai an tsarkake mai ba da ita, mai shaida a nan kuwa shi ne mai gwajin da kayan gwajinsa. Al-Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake gani, ya kuma kafa hujjojinsa a kan abin da yake kira i'itibari, wato a shirya gwaji a tsare shi daga duk abin da zai gurɓata shi, a maimaita, kana a yi magana. Abin da ke faruwa in an yi sakaci da wannan ladabi ya bayyana a zamaninmu ga mutanen da suka fi kowa kayan aiki. A watan Afrilu na 1990 Amurka ta harba madubin hangen taurari na Hubble, mai faɗin mita 2.4, sai hotunansa suka zo dishi-dishi. Da aka bincika aka tarar an goge gefen madubin fiye da kima da kusan kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashi, sababin kuwa shi ne na'urar da aka riƙa auna shi da ita, an haɗa wani gilashinta a goce da milimita 1.3. Akwai wasu na'urori biyu masu sauƙi da suka nuna kuskuren tun madubin yana ƙasa, amma aka ƙi shaidarsu aka riƙe ta guda ɗaya da aka fi amincewa da ita, ba a kuma gyara ba sai a Disamba 1993, da 'yan sama-jannati suka hau suka sa masa abin da ya yi masa aikin tabarau.

Saboda haka in an kawo gilashi gida cikin kwanakin hiyari, sai a fara da kore duk wani abin zargi wanda ba shi ba. A ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, ko a kan teburi mai ƙarfi, a kashe maganin girgiza in yana da shi, a sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu ko goma domin kada yatsa ya motsa ta, a kuma yi a haske wadatacce. Masana'antu suna da allunan gwaji, kamar wanda sojojin saman Amurka suka tsara a 1951 mai 'yan layuka uku-uku da ke ƙara ƙanƙancewa, amma shafukan jarida da aka manna a bango mai santsi, ɗaya a tsakiya huɗu a kusurwoyi, sun wadatar. Sharaɗi mafi wuya shi ne kyamara ta fuskanci bangon sak, domin in ta ɗan karkace, gefe guda ya fi kusa da ɗaya, sai a ɗora wa gilashi laifin da ba nasa ba. Dabarar ita ce a manna ƙaramin madubi a tsakiyar bangon, a yi ta gyara har a ga gilashin kyamarar a tsakiyar madubin, a tsakiyar hoton. In kuma an ga rauni a hagu, sai a kife kyamara kanta ƙasa a sake ɗauka: in raunin na gilashi ne zai bi kyamara ya faɗa kan jaridar da ke ɗaya gefen, in kuwa ya tsaya a kan jaridar farko, to, bango ne ko tsayuwar mai gwaji. Kada a yanke hukunci a kan ɗan allon bayan kyamara, a buɗe a kwamfuta a faɗaɗa. Gilashi lafiyayye yakan ɗan yi laushi in ƙofa a buɗe take duka, ya yi kaifi ƙwarai a wajen f/5.6 ko f/8, ya sake yin laushi a f/16 da f/22 saboda yadda haske ke bazuwa in ya ratsa ƙaramar huda. Wanda ya ƙi warkewa har a f/8, wannan shi ne majinyaci.

Gwajin nesa kuma yana da nasa lokacin a ƙasarmu. Cikin hunturu hazo yakan shafe kaifin duk abin da ya wuce 'yan ɗaruruwan taku, da tsakar rana kuwa iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana sa gine-gine rawa, har gilashin da ya fi kowanne tsada ya zama kamar na wasan yara, musamman dogo mai hango nesa. Lokacin da ya dace shi ne sassafe bayan fitowar rana, mafi kyawu kuma safiyar da aka kwana ana ruwa. Akwai kuma saɓanin saiti, inda aka nufi ido sai kunne ya fito tar, ko kan hanci. A jera batura biyar a karkace, kowane yana ɗan bayan ɗan'uwansa, a saita a kan na tsakiya sau goma, ana ɓata saitin kafin kowane ɗauka. In kuskuren kullum gefe guda yake, a kyamarori masu madubi a ciki wannan rashin jituwa ne tsakanin gilashi da gangar jiki, da yawansu kuma suna da wurin gyara shi a cikin tsarinsu; amma in yau gaba gobe baya, injin saitin ne ya gaji.

Wajibi ne kuma in yi wa mai sayarwa adalci, domin akwai ɗabi'a akwai aibi, kuma wanda ya mayar da haja saboda ɗabi'arta ya zalunci ɗan'uwansa. Duhun da ke kewaye kusurwoyi in ƙofa a buɗe take, da ɗan lanƙwasar miƙaƙƙen layi a gefen gilashi mai faɗin gani, da jan zare ko kore da ke bin gefen farar riga a rana, da ƙwallayen haske in an fuskanci fitila, duk waɗannan suna cikin tsarin gilashin tun daga takardar wanda ya zana shi, kowane kwafi yana da su, ana kuma rage yawancinsu a kwamfuta. Alamar ɗabi'a ita ce ta zo daidai a kowane gefe, alamar aibi kuwa ya zaɓi gefe guda. Na ga kuma waɗanda gwaji ya zame musu waswasi, suna faɗaɗa hoto ninki huɗu suna neman abin da ba mai kallon hoton biki da zai taɓa gani. Ma'auni shi ne aikin da aka sayi gilashin dominsa, gama mai ɗaukar fuskar amarya ba ruwansa da kusurwa, mai ɗaukar taron mutum hamsin a jere kuwa kusurwa ita ce rabin sana'arsa.

Suna ma ba hujja ba ne, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. A 1950, lokacin da gilashin Jamus ne ya fi suna a duniya, mai hoton mujallar Life, David Douglas Duncan, yana Tokyo, sai wani abokin aikinsa ɗan Japan mai suna Jun Miki ya ɗauke shi hoto a wuri mai ƙarancin haske da wani gilashi mai suna Nikkor, wanda Duncan bai san shi ba. Da ya ga kaifin hoton bai tsaya ga mamaki ba, sai ya tafi masana'antar Nippon Kogaku, aka gwada nasu da na Jamus da ke jakarsa a gaban idonsa, ya gamsu, ya ɗaura Nikkor a kan kyamararsa Leica ya tafi da su yaƙin Koriya, wanda ya ɓarke a watan Yuni na shekarar. Kafin shekarar ta ƙare jaridar New York Times ta ba da labarin waɗannan gilasai, daga nan kuma kasuwar kyamara ta fara juyawa zuwa Japan.

In gwaji ya tabbatar da aibi, an maimaita shi sau biyu ko uku a ranaku dabam ya kuma dawo a wuri guda, to, a daina aiki da gilashin nan take, domin a wurin malamanmu wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da haja ba tare da lalura ba, ana ɗaukar hakan yarda ce, haƙƙinsa na mayarwa kuma ya faɗi. Ba a ɗaukar biki uku da shi sa'an nan a kawo ƙara. A tafi da hotunan kusurwoyi huɗun an jera su gefe da gefe, a nuna wa mai kanti cikin mutunci, gama sau da yawa shi ma a rufe ya saye shi bai sani ba, kuma hoto huɗu sun fi musun yini guda saurin raba gardama. In kuwa gilashin ya tsallake, kada a share hotunan gwajin. A adana su da kwanan watansu, domin ranar da ya faɗi daga kafaɗa, ko ya dawo daga wurin mai gyara, ko damina ta wuce a kansa, za a koma gaban hasumiyar nan da bangon nan a sake ɗauka a gwama da na farko. Tsakanin haka kuma a ajiye shi a busasshen wuri mai iska, cikin akwati mai rufi tare da ƙwayoyin silika masu shan danshi, waɗanda ake gasawa su bushe in sun ƙoshi, a kuma riƙa fito da shi yana ganin haske ko da ba a yi aiki da shi ba.